Eshek (wasan chess): wane reshe fari zai riƙe idan baƙi ya kafa Caro-Kann?

Ɗan Sabon Gari ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da yayyena na wannan zaure. Tambaya gare ni a kan Caro-Kann, wato 1.e4 c6 2.d4 d5. A fadar da muke bugawa da yamma nan Zinder, masu ƙarfinmu sun koma wannan kariya, a Lichess, dandalin buga eshek a intanet, ma kullum sai na gamu da ita. Ba wai ana cinye ni tun a buɗi ba ne. Sai in fitar da kayana lafiya lau, in yi rok (takun ɓoye sarki a bayan tur, wato 0-0), in duba allo in rasa inda zan kama. Baƙi ya kai fu ɗinsa f5, ya rufe da e6, ba ƙofa ba taga, kamar ganuwar Birni ta da. Daga nan musaya ta yi ta tafiya har a tashi canjaras, ko in gaji in tura sojojin gaban sarkina in kashe kaina da kaina.

Yanzu 3.Cc3 dxe4 4.Cxe4 nake bugawa, amma bayan taku na 7 lalube nake. Wasanninmu na minti 10 ne ko 15, lokacin karatu kuma bai wuce awa biyu a mako ba. Reshe ɗaya nake so, in riƙe shi shekara guda. Na ji ana ambaton 3.e5, da Panov, da 3.f3. Wanne ya fi, kuma me ake nema a cikinsa bayan an gama fitar da kaya?

Haruffan irin namu ne na nan: R sarki, D dam (queen), T tur (rook), F fu (bishop), C doki, soja ba shi da harafi. Ƴan'uwa na Najeriya da suka saba da N da B, a yi haƙuri a juya.

Malam Mai Allo ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin ka zaɓa, ka san abin da baƙi ya saya da c6 da abin da ya biya. Hanya ya saya: fu na c8 yana fita kafin e6 ya rufe ƙofa, abin da mai kariyar Faransa (1.e4 e6) ba ya samu. Ya biya da abu biyu. Gidan c6 na doki ne, soja ya zaune masa. Sannan ran da zai buga c5 don ya taɓa tsakiyarka, sojan nan ya yi taku biyu a inda ɗaya ya isa.

3.Cc3 ba shi da aibi, amma ba na mai awa biyu ba ne. Bayan 4.Cxe4 baƙi ne mai zaɓi, kuma hanya uku gare shi: 4...Ff5 5.Cg3 Fg6 6.h4 h6 7.Cf3 Cd7 8.h5 Fh7 9.Fd3 Fxd3 10.Dxd3, inda hadda ke yin nisa ƙwarai; ko 4...Cd7 da Karpov ya shahara da shi, ko 4...Cf6 5.Cxf6+ exf6 da ake yayi yanzu. Shi karatu ɗaya zai yi, kai uku.

Shawarata reshen musaya: 3.exd5 cxd5 4.Fd3 Cc6 5.c3 Cf6 6.Ff4 Fg4 7.Db3. Kowane taku da dalilinsa, kuma jerin ba ya son a birkita shi.

4.Fd3 ya riga baƙi zuwa hanyar b1-h7, fu ɗinsa ba zai zauna f5 ba. In ka fara da 4.Cf3, ka ba shi abin da yake so kyauta. Amma fu na d3 ya tare wa dam ɗinka ganin d4, shi ya sa da ya buga 4...Cc6 dole 5.c3, wanda ya tsare d4 kuma ya hana doki zuwa b4. 6.Ff4 yana riƙe gidan e5, don kada baƙi ya buga e5 ya saki kayansa. Da fu ɗinsa ya tafi g4, b7 ya rasa mai gadi, sai 7.Db3 ya taɓa shi, dam kuma ta kauce wa harin fu a taku ɗaya.

Mafi yawa za su amsa 7...Dd7. Ci gaba: 8.Cd2 e6 9.Cgf3 Fxf3 10.Cxf3 Fd6 11.Fxd6 Dxd6 12.0-0 0-0 13.Tae1. Baƙi ya ci dokin f3 ne saboda Ce5 na zuwa ya haɗa dam da fu. A taku na 12 za ka ga b7 a sake. Kada ka taɓa. 12.Dxb7 Tb8, dam ta koma a6, tur ɗinsa ya samu layin b da sojan b2, sarkinka kuma yana tsakiya bai yi rok ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ga amsar tambayarka ta gaskiya, wato me ake yi bayan taku na 13. Layin e naka ne, layin c nasa ne. Kai ɓangaren sarki za ka nufa: doki ya zauna e5, soja ya bi shi zuwa f4, tur ya hau e3 ya wuce h3, dam ta dawo d1 ko c2 ta haɗu da fu a kan h7. Shi kuma ɓangaren dam zai nufa da sojoji biyu a kan naka uku: Tab8, b5, b4, sannan bxc3, ya bar maka c3 gurgu a layin da tur ɗinsa ke kallo. Tsere ne. Shi yana bukatar taku uku ya kai b4, huɗu in ka sa a3 ya zama sai ya ƙara a5. Taku ɗaya na a3 ya isa. Wanda ya tsaya yana ta gyaran ɓangaren dam ya bar nasa aikin, a hankali za a shanye shi.

Abu ɗaya ka duba da kyau. Muddin dam ɗinsa na d6 dokinsa na f6, ba zai iya cin dokinka na e5 ba, domin sojan da zai rama yana taɓa su biyun. Amma da wane soja za ka rama? In f4 ya riga ya tafi, fxe5 ne. In ka ci da dxe5 ka buɗe hanyar a7-g1, sai ya buga Dc5+, ka kawar da sarki, shi kuma ya janye dokinsa, ribar ta tafi. A nan mutane da yawa ke zubar da doki sukutum da aka ba su.

Wasan da za ka buga a allo sau uku kafin komai: Fischer da Petrosian, Belgrad 1970, karawar Tarayyar Sobiyet da sauran duniya, wasansu na farko a wannan karawar. Petrosian ya buga 7...Ca5 8.Da4+ Fd7 9.Dc2 e6 10.Cf3 Db6, yana neman Fb5 ya musanya fu ɗinsa mara aiki da naka na d3. Fischer ya buga 11.a4 ya toshe, daga baya dokinsa ya zauna e5, ya ci wasan. Fu na d3 shi ne jarinka a wannan reshe, ba a ba da shi arha.

Doki_g5 ya rubuta:

Malam, a gafarce ni, bayanin ya yi, amma ni ban ga ya warkar da ciwon ba. Yaron nan kukansa shi ne musaya da canjaras, a reshen da aka ba shi kuma kafin taku na 12 an kwashe kaya huɗu daga allo. Mai Caro-Kann da ya san aikinsa zai sa g6 a kan lokaci, ya mayar da doki e7 ko d7, harin ya tsaya, c3 kuma yana nan yana jira. Sannan akwai 5...Dc7, wanda ke hana Ff4 gaba ɗaya, ba a ambace shi ba.

Ni 3.e5 nake ba da shawara, da 4.h4 bayan 3...Ff5. Tal ya buga shi da Botvinnik a karawar ramuwa ta 1961. Tal ya sha kashi a karawar, wannan gaskiya ne, amma takun bai mutu ba, manya na buga shi har yau. Hikimarsa: baƙi yana alfahari da fu ɗin da ya fitar, to a sa fu ɗin nan ya zame masa kaya.

In ya buga 4...e6 bisa sabo, fu ya mutu: 5.g4 Fe4 6.f3 Fg6 7.h5, ba gidan zuwa. In ya fara da 5...Fg6, 6.h5 Fe4 7.f3, duk ɗaya. A wasan minti 10 wannan na faruwa fiye da yadda ake zato, amma ba don shi ake buga reshen ba.

In ya buga 4...h6, sai 5.g4. Nan daidai shi ne ya koma 5...Fd7, wato fu ya dawo gida, kai kuma ka samu fili. Ka ci gaba da h5, c3 ko c4, ka fitar da kaya a natse, kada ka ƙara tura sojoji sai dawaki sun fito. Amma hannu yakan kai shi 5...Fh7, sai ka ba da soja: 6.e6 fxe6 7.Fd3 Fxd3 8.Dxd3. Ka dubi allon. Sojansa na e6 ya tare na e7, na e7 ya tare fu na f8, gidan g6 rami ne, Dg6+ na zuwa ta kori sarki zuwa d7. Dokinka zai bi f3 ya zauna e5. Soja ɗaya ka biya, rabin kayansa na kulle a ɗaki.

Amsar masana ita ce 4...h5. Sai 5.Fd3 Fxd3 6.Dxd3. Wani zai ce ai an hana musanya wannan fu. An hana ne a taku na 4, ba tare da h4 da h5 ba. Nimzowitsch ya buga 4.Fd3 da Capablanca a New York 1927, Capablanca ya shaƙe shi sannu a hankali a fararen gidaje. Bambancin yanzu shi ne sojan h ɗin baƙi ya wuce h6, ba abin da zai kori kayanka daga g5 sai f6, f6 kuwa yana buɗe g6. Saboda haka 6...e6 7.Fg5, fu ɗinka da ya kamata ya zama mara amfani a bayan d4 da e5 ya fito waje ya samu kujera. In 7...Fe7, 8.Cf3, in ya ci g5 doki ya gaje gidan. In 7...Db6 yana neman b2, 8.Cd2 ka ƙyale shi, 8...Dxb2 9.Tb1 Dxa2 10.Txb7, tur ɗinka na sahu na bakwai, shi kuma dam kaɗai ya fitar. In 8...c5, amsar 9.c4 ce: wanda ya riga fitar da kaya shi ke son a buɗe tsakiya.

Doka ɗaya tak ka riƙe a nan: kada a musanya dam. Dabararsa ita ce Da5+ ko Db6, sannan Da6, dam ta fuskanci dam. In aka musanya, sojojinka na d4 da e5 na baƙaƙen gidaje, fu ɗinka ma na baƙaƙe ne, dokinsa zai zauna f5, c5 na zuwa, ƙarshen wasan nasa ne. Idan ka ga Da6, ko ka tare da c4, misali 6...Da5+ 7.Cd2 e6 8.Cgf3 Da6 9.c4, ko ka janye Dd1 in ka riga ka yi rok. Janyewar ba kunya ba ce, dam ɗinsa ma a a6 ba ta da aikin yi.

Tsarin Nigel Short, 4.Cf3 e6 5.Fe2, shi ne aka fi gani wurin manya, amma 5...c5 6.Fe3 Db6 hadda ce mai tsawo da b2 a rataye. Ba na mai awa biyu ba ne.

Ɗan Sabon Gari ya rubuta:

Na gode, Malam, na gode Yaya Doki. Na jera duka biyun a allo. Abin da ya tsaya mini a 3.e5 shi ne, ba kowa ke fitar da fu ba, akwai masu buga 3...c5 nan take. Ni kuma sai in tsare da 4.c3, daga nan d4 ya yi ta shan matsi har ya faɗi. Ina kuskuren?

Doki_g5 ya rubuta:

Kuskuren 4.c3 ne kansa, ƙanena. Bayan 4.c3 Cc6 5.Cf3 Fg4 ka ba shi kariyar Faransa wadda fu ɗinta ke waje. Fu ya ɗaure dokin da ke gadin d4, sai e6, Db6, doki ya bi e7 zuwa f5, masu hari sun fi masu gadi yawa. Lissafi ne, ba rashin sa'a ba.

Ka ci: 4.dxc5. Botvinnik ma ya gwada 3...c5 da Tal a 1961, ba sabon abu ba ne. In ya buga 4...e6 don fu na f8 ya karɓi c5, ya rufe fu na c8 da hannunsa. Kada ka ce sai ka riƙe sojan da 5.b4, domin 5...a5 6.c3 axb4 7.cxb4 b6 na wargaza jerin: 8.cxb6 Fxb4+ sannan Dxb6, ya mayar da sojansa da riba. Ka bar masa: 5.a3 Fxc5 6.Cf3, sannan b4 ka kori fu, Fb2, Fd3, rok, Cbd2, Te1. Duk wasan ya koma kan e5. Fu na b2, dokin f3, tur na e1, uku ke gadinsa. Shi zai kawo doki c6, doki g6, dam c7. Ka riƙa ƙirgawa kowane taku. In e5 ya tsaya, ba dokin da zai zauna f6 ya tsare h7, don haka duk lokacin da ya yi ƙaramin rok ba doki a g6, ka duba Fxh7+ da Cg5+. Ka lissafa fitowar sarki zuwa g6 kafin ka saki fu, ba komawa g8 kaɗai ba.

In 4...Cc6, 5.Cf3 Fg4 6.c3 e6 7.b4. A nan riƙon c5 na da ma'ana, tunda c3 ya riga ya tokare b4, shi kuma zai nemi e5 a madadi.

Na Zengo ya rubuta:

Salamu alaikum. Tunda an ambaci Panov a tambaya, bari a ba shi haƙƙinsa. 3.exd5 cxd5 4.c4 Cf6 5.Cc3. Wannan shi ne reshen da ke hana baƙi wasan da ya zo yi. Ya zo zaman ganuwa, ka buɗe masa fili. Kuɗinsa marayan soja a d4, ba ɗan'uwa a layin c ko e da zai tsare shi.

Misali: 5...e6 6.Cf3 Fe7 7.cxd5 Cxd5 8.Fd3 Cc6 9.0-0 0-0 10.Te1 Cf6 11.a3 b6 12.Fc2 Fb7 13.Dd3. a3 ba ɓata taku ba ne, shi ke hana Cb4 ya haɗa dam da fu. Yanzu dam da fu na kallon h7, dokin f6 kaɗai ke gadi. Daidai ga baƙi 13...g6, sai 14.Fh6 Te8 15.Tad1, a ci gaba. In ya buga 13...Tc8, takun da ke kama da na hankali, maraya ya tashi: 14.d5. Doki ba zai ci ba, 14...Cxd5 15.Dxh7 mat. 14...exd5 ya buɗe layin e, sai 15.Fg5 da barazanar cin f6. In yanzu ya sa 15...g6, ya makara: 16.Txe7. In 16...Dxe7 17.Cxd5, dokin f6 a ɗaure yake, ƙarshenta fari ya karɓi dam a kan tur da doki. In 16...Cxe7 17.Fxf6, kaya biyu a kan tur ɗaya.

Mai maraya ba ya musaya. Duk kaya biyun da suka bar allo, harinka ya ragu, raunin d4 ya ƙaru. Baƙi zai dasa doki a d5, gaban marayan, ya nemi a kwashe dawaki da fu; in aka kai ƙarshen wasa da tur da dam kaɗai, kai ne mai neman tsira.

Inda Panov ke ba da haushi kuwa shi ne 5...Cc6 6.Cf3 Fg4 7.cxd5 Cxd5 8.Db3 Fxf3 9.gxf3 e6 10.Dxb7 Cxd4 11.Fb5+ Cxb5 12.Dc6+ Re7 13.Dxb5 Dd7 14.Cxd5+ Dxd5 15.Dxd5 exd5. Taku 15 kamar an harba bindiga, sai ga ka a ƙarshen wasa ba dam, sojojin f ɗinka a goye, canjaras na leƙowa. Wanda ba ya son wannan ya buga 6.Fg5. Akwai kuma 5...g6 6.Db3 Fg7 7.cxd5 0-0, inda yake ba da soja na ɗan lokaci. Kada ka mutu a kan riƙonsa, a kan lokaci ka mayar da shi da d6 ka fitar da kayanka.

Ribar Panov ta wuce Caro-Kann, domin tsarin marayan d4 na fitowa daga buɗi da yawa. Amma amsoshi uku ne za ka koya, kuma kuskure ɗaya na ɓata wasan.

3.f3 kuwa, ga mai son rigima. Abin da ya wajaba ka sani: 3...dxe4 4.fxe4 e5, nan 5.Cf3 ne dole. 5.dxe5 Dh4+ ya gama da kai, domin 6.g3 Dxe4+ na cin tur na h1. Matsalarsa ita ce 3...e6, baƙi ya ƙi ci, sojan f3 ya zaune wa dokinka gida.

Hajiya Dam ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Akwai hanyar da ba a taɓa ba, kuma ta dace da wanda hannunsa ya saba da Cc3: dawaki biyu, 2.Cc3 d5 3.Cf3, a jinkirta d4. Amfanin jinkirin shi ne takun da d4 zai ci ya tafi ga doki. Mai Caro-Kann da ke buga hadda ido rufe zai yi 3...dxe4 4.Cxe4 Ff5 5.Cg3 Fg6 6.h4 h6, sai 7.Ce5, wanda a babban reshe ba ya samuwa da wuri haka. 7...Fh7 8.Dh5 g6, dole, tunda f7 na fuskantar mat. 9.Fc4, dam na rataye amma ba ta ciwuwa: 9...gxh5 10.Fxf7 mat. Sai 9...e6 10.De2, barazanar kuma 11.Cxf7 Rxf7 12.Dxe6+ Rg7 13.Df7 mat. Ko ya gano ya tsare, ku dubi fu na h7 a bayan g6, an binne shi da rai.

Na biyu: 4...Cf6 5.De2 Cbd7 6.Cd6 mat, sojan e7 a ɗaure, sarki ya shaƙe cikin kayansa.

To amma, ɗana, tarko sau ɗaya yake kama mutumin da kuke shan shayi tare kullum. Gobe zai zo da 3...Fg4 4.h3 Fxf3 5.Dxf3 e6, ainihin reshen ke nan. Kana da fu biyu, shi kuma ya jera c6, d5, e6 a fararen gidaje, ya cike gurbin fu ɗin da ya bayar. Tsarin da ke aiki: d3, Fd2, babban rok, g4, a tura ɓangaren sarki. Kada ka yi saurin exd5, yana ba dokinsa c6. Fischer ya yi ta buga dawaki biyu a gasar masu neman kambu ta 1959 bai ji daɗinsa ba, don haka ba maganin komai ba ne. In an ba ni zaɓi tsakanin abin da aka kawo, ga mai awa biyu na Malam zan ɗauka, ga mai awa biyar na Doki.

In ka zauna kan 3.Cc3 ɗinka kuma, ko wannan ka riƙe: 4...Cd7 5.Cg5 Cgf6 6.Fd3 e6 7.C1f3, in ya buga 7...h6, 8.Cxe6. Da shi kwamfutar Deep Blue ta kayar da Kasparov a wasa na shida a 1997, cikin taku 19. Daidai shi ne 7...Fd6 tukuna.

Malam Mai Allo ya rubuta:

Doki ya yi gaskiya a kan 5...Dc7, ga cikon. Dam ta riƙe f4 da e5, fu ɗinka na c1 ya rasa gidansa. Wasu na buga 6.Ce2 don su dawo da Ff4, amma 6...Fg4 na ɗaure dokin. In ka ce 7.f3 Fd7 8.Ff4, zai amsa 8...e5 ya buɗe wasa alhali f3 ya raunana hanyar sarkinka. In ka ce 7.Ff4 kai tsaye, 7...Dxf4 8.Cxf4 Fxd1 9.Rxd1, an kwashe dam biyu, abin da kake gudu ke nan.

Ka buga 6.h3. Yanzu f5 na hannun fu ɗinka, g4 na hannun soja, fu na c8 ba shi da mafita, wato ka karɓe abin da ya saya da c6 tun farko. Bayan 6...Cf6 7.Cf3 hanya uku ce. In 7...e6, ya kulle fu ɗin da kansa; rok, Te1, Cbd2, ka nemi e5 kamar yadda aka faɗa, sai dai yanzu ka ƙirga, dam c7 da doki c6 da fu d6 duk suna kallon gidan, sai De2 ta shigo kafin doki ya sauka. In 7...g6 yana shirin Ff5, ka sa 8.Dc2, in ya nace, Fxf5 gxf5 Dxf5, soja ya tafi. In 7...e5, 8.dxe5 Cxe5, yanzu shi ne mai maraya a d5. Duk abin da Na Zengo ya faɗa sai ka juya shi: kai ne mai neman musaya, ka yi rok, fu ya je e3, doki ya zauna d4 gaban marayan, tur ya zo d1.

Awa biyun nan kuma ga yadda za ka raba su. Rabin awa ka jera reshen a allo na gaske daga taku na 3 zuwa na 13, kana faɗin dalilin kowane taku da baki. Awa ɗaya ka samu abokin fada ku fara wasa daga matsayin 13.Tae1, wasa huɗu na minti 7, biyu kana fari biyu kana baƙi, don ka ji yadda b4 ke zuwa daga wancan gefe. Rabin awar ƙarshe ka buɗe wasanninka na Lichess, ka nemo takun farko da ka kauce, ka rubuta shi a kaye, wato littafin rubutu, tare da wanda ya kamata. Stockfish, injin da ke auna matsayi, zai nuna maka kusan 0.0, wato ba wanda ya fi, a wannan reshe tun taku na 7. Kada ya dame ka, ba ya nufin an tashi. Ka kashe shi sai ka fara rubuta naka zaton, sannan ka kunna ka gwada.